Yadda za ka yi hirar abinci da Faransanci kamar ɗan gari

In kana koyon Faransanci don Allah ka fara da maganar abinci, ita ce za ka yi sau uku a rana ko ka so ko ka ƙi, kuma abin da ke cikin littafin makaranta daban, abin da ake faɗa a bakin faranti daban.

Fara riƙe sunayen tukuna. Karin kumallo shi ne petit-déjeuner amma a baki guntule shi suke yi, "p'tit déj" za ka ji. Abin da ya burge ni, jeûne azumi ne a yarensu, to déjeuner asalinta karya azumi kenan, kusan yadda mu ma muke cewa karya kumallo. Yanzu dai a Faransa déjeuner abincin rana ne, tsakanin ƙarfe 12 da 2, na dare kuma dîner wajen ƙarfe 8. Yara in sun taso daga makaranta ana ba su goûter, ɗan burodi da cakulan haka, har quatre-heures ake ce masa saboda ƙarfe 4 ake ci. Amma fa a Beljiyam da Suwizalan da Kebek ta Kanada dîner na rana ne, na dare souper, saboda haka in an gayyace ka ka tambayi ƙarfe nawa kawai.

Yunwa kuma "j'ai faim" ce, wannan ko gaban waye za ka iya faɗa. Cikin abokai za ka ji "j'ai la dalle", wato yunwa ta ci ni, abinci ya koma "la bouffe", amma kar ka yi wa malaminka ko surukinka irin wannan, maganar majalisa ce. Sannan suna haɗiye kalmomi sosai, "tu as mangé" (ka ci abinci) ta zama "t'as mangé?", "je n'ai pas faim" (ba na jin yunwa) ta zama "j'ai pas faim". In uwar gida ta ƙwala "à table!" abinci ya sauka, ku taso, sai a ce "bon app", wato a ci lafiya, a fara.

Inda nake so ka kula sosai shi ne ƙoshi. Kar ka ce "je suis plein", balle mace ta ce "pleine", dabba mai ciki ake faɗa wa haka. Ka ce "j'ai bien mangé, merci" (na ci sosai, na gode) ko "j'ai plus faim" (na daina jin yunwa). Kuma ka haddace "sans porc", wato ban da naman alade, ka san jambon da lardons naman alade ne, suna yawan shiga cikin sanwici da salak.

In Maraɗi ko Damagaram ka nufa, a Faransancin can tuwo "la pâte" ne, fura kuma "la boule". Yau da daddare kafin a kawo tuwo ka tambayi mutanen gida da ƙarfi, "on mange quoi ce soir?", wato me za mu ci yau da dare, gobe da safe ka ƙara jimla ɗaya a kai.