Darasi na 7: Waken Uwargida

A ƙauyukan Kano da Katsina har zuwa Maraɗi, mata da yawa suna da 'yar gonarsu ban da gandun gida. Wasu na ce mata gayauna, a Nijar kuma gamana. Wake da gyaɗa da kuɓewa aka fi shukawa a ciki. Idan rumbun maigida ya yi ƙasa a tsakiyar damina, abin da uwargida ta adana shi ke ɗora tukunya.

Damina yanzu ba ta da alkawari. Ruwa zai sauka a yi shuka, sai ya ɗauke, shukar ta ƙone. Wadda ta rage iri za ta sake shukawa. Wadda ba ta rage ba sai ta nufi kasuwa a lokacin da kwano ya yi tsada.

Babban maƙiyin wake shi ne ƙwaro. Tun daga gona yake biyo shi, cikin wata biyu ko uku ki ga duk ya huda shi. Don haka ki fara da shanya. Ki baza waken a tabarma ya sha rana sosai, sannan ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki ciza. In ta fashe ƙas, ya bushe. In haƙori ya nutse, a mayar da shi rana.

Dabarar iyayenmu tana nan da amfaninta. Ki tankaɗe tokar murhu wadda ta huce, ki haɗa kwano ɗaya na toka da kwano ɗaya na wake, ki zuba a tulu, ki ƙara toka a sama, ki liƙe bakin da laka. In waken da yawa ne, akwai buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Leda biyu ne a cikin buhu ɗaya. Ki matse iska, ki ɗaure kowace leda daban, sannan ki ɗaure buhun. Ƙwaro zai rasa iska ya mutu. Amma ki duba ledar tukuna, don ƙaramar huda ma tana ɓata aikin, kuma ki ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera.

Don Allah kada ki zuba fiya-fiya a waken da yara za su ci. Guba ce.

Kafin ruwan shuka, ki gwada irinki. Ki jera ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, ki naɗe, ki riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 5. In 8 sun tsiro, irin yana da kyau.

Aikin gida: Ki rubuta waɗannan kalmomi sau uku: wake, toka, tulu, iri. Talatu ta ajiye kwano 12, ta ware 3 na shuka. Kwano nawa ya rage na ci?