Yadda zaka hau jirgin ƙasa da motar BRT a Legas da katin Cowry

Yawancin 'yan uwanmu da suke sauka Legas neman abinci, daga Agege ne ko Mile 12 ko Idi-Araba, danfo, wato ƙananan bas ɗin haya masu rawayan fenti, kawai suka sani, sai kaga mutum ya shekara biyu yana wucewa ta gaban tashar jirgi kullum amma bai taɓa leƙawa ba, wai a zatonsa na ma'aikata ne masu ɗaure wuya. Wallahi ba haka bane. Na kowa ne, kuma abin da ya raba ka da shi kati ɗaya ne tak. Toh bari in bi maka abin daki-daki.

Na farko, ka nemi katin. Sunansa Cowry, kuma da shi ake biyan kuɗin BRT, wato dogayen bas ɗin nan masu hanyarsu daban, da manyan motocin gwamnati masu shuɗin fenti da jirgin ƙasa na cikin gari, harma da jirgin ruwan gwamnatin jiha. Hukumar sufuri ta Legas mai suna LAMATA ce ke kula da tsarin baki ɗaya. A cikin waɗannan motocin ba'a karɓar tsabar kuɗi, kar ka shiga kana zaro ɗari biyar kana neman kwandasta, babu shi. Kaje babbar tasha irin Oshodi ko Ikeja ko Mile 12 ko Ikorodu ko TBS wato filin Tafawa Balewa, ko kuma kowace tashar jirgi, zaka ga masu sayar da tikiti riƙe da 'yar na'ura a hannu, kace musu kati kake so. Zaka biya kuɗin katin daban sannan kuɗin da za'a loda maka daban, ka tambayi nawa ne kowanne kafin ka miƙa kuɗi. A wajen ma'aikacin tasha zaka saya dan Allah, ba wajen wani da ya tare ka a bakin titi yace yana da saura ba.

Na biyu, lodin kuɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ba mai na'urar kuɗi da kati, ya ɗora katin a bayan na'urar, ya nuna maka abin da ya shiga. Ka kalla da idonka, kar kunya ta hana ka cewa oga nuna min. In kuma kana da babbar waya akwai manhajar Cowry da zaka sauke ka buɗe asusu da lambar wayarka ka tura kuɗi ciki daga banki, amma ka riƙe wannan: kuɗin da ke cikin manhaja daban, na kan kati daban, sai an ɗauko daga can an zuba a kan katin kafin ƙofa ta buɗe maka. Mutane da yawa anan suke rikicewa, mutum yaga alat kuɗi sun fita daga banki ya taho da ƙarfin gwiwa ya ɗora kati na'ura ta ƙi, ga layi a bayansa ana ta masa tsaki. Shawarata ka loda da yamma in ka dawo ko da rana lokacin da babu mutane, ka zuba na kwana uku ko huɗu gaba ɗaya, domin da safe layin lodi kaɗai zai iya sa jirgi ya tafi ya barka.

Na uku, ka san wanne ne ya bi ta hanyarka, domin anan ne amfanin yake.

In a Agege kake ko Iju ko Agbado, naka shine jan layi, wato Red Line kamar yadda zaka gani a rubuce. An ƙaddamar da shi a ƙarshen Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban shekarar, tsawonsa kilomita 27 kuma tasha takwas ne: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo. Ka haddace su a jere haka, zai taimake ka ka san saura nawa ka sauka. Wanda ya taɓa kwana a gosilon Abule Egba zuwa Oshodi ranar Litinin da safe shi zai san darajar abin nan, kana zaune a cikin sanyin esi kana hango motoci ta taga sun tsaya cak. Jirgin da man dizal yake aiki, kuma titin dogo ɗaya suke bi da jirgin gwamnatin tarayya mai zuwa Ibadan, shi yasa baya tashi kowane lokaci, zirga-zirgarsa tafi yawa da sassafe da kuma yamma lokacin tashi daga aiki. Don haka kafin ranar da zaka fara hawa kaje tashar ka duba jadawalin da aka liƙa, ka ɗauki hotonsa a waya, kuma ka riƙa sake dubawa don ana canza shi. Sannan a Agege ka kula sosai, akwai tashar jirgin Ibadan mai sunan Babatunde Fashola, wancan tikitinsa daban ne kuma katin Cowry baya aiki a kansa. Ka tambaya da baki kace jirgin Oyingbo kake nema.

In kuma harkarka ta wajen Mile 2 ce zuwa cikin tsibirin Legas, shuɗin layi zaka nema, Blue Line. Wannan ya riga wancan farawa, tun 4 ga Satumban 2023, kilomita 13 ne da tasha biyar: Marina, National Theatre, Iganmu, Alaba, Mile 2, tafiyar wajen minti ashirin ce daga farko zuwa ƙarshe. Ga wani abu da ya kamata namu su sani, Alaba ɗin nan ta jirgi ba Alaba Rago bace, ta wajen Suru ce kusa da Mile 2. In Alaba Rago zaka je sai ka sauka a Mile 2 ka hau mota ta hanyar Badagry, kashi na biyu na aikin shine zai miƙa har Okokomaiko can wajen Alaba Rago. Shi wannan jirgin da lantarki yake tafiya, kuma wutar ba a sama take ba, a ƙasa take cikin wani ƙarfe da ke bin gefen dogon. Ina roƙonka da girman Allah kar ka taɓa tsallaka wannan titin da ƙafa don yanke hanya, ko wayarka ce ta faɗa ciki ka kira ma'aikaci, rai ba'a sayensa a kasuwa. Ka hau gadar da aka yi domin haka ko da ƙafarka ta gaji.

Inda jirgi bai kai ba sai BRT. Tun 2008 aka fara ta daga Mile 12 zuwa tashar CMS ta cikin tsibiri, daga baya aka ja ta har Ikorodu, sannan a 2020 aka buɗe ta Oshodi zuwa Abule Egba. Sirrinta shine hanyarta daban aka ware mata da siminti, danfo bashi da izinin shiga. 'Yan kasuwar gwari na Mile 12 wannan taku ce, amma ta zuwa gida da dawowa, banda kwandon tumatir ko buhun albasa, babban kaya irin wannan sai dai ka nemi wata motar.

Na huɗu, shiga da fita. A tashar jirgi ka iso da wuri, ko da minti goma sha biyar ne kafin lokaci, za'a duba jakarka, sai kazo wajen ƙofofin nan na ƙarfe ka ɗora katin a inda aka yi alama, ka ɗan tsaya daƙiƙa ɗaya har ta yi ƙara ta buɗe, kar ka riƙa goga shi da sauri. Ka tsaya bayan layin da aka ja a ƙasa, in jirgi yazo ka bari na ciki su fito tukuna. A mota kuma na'urar tana nan kusa da direba. Abin da sabon shiga yake mantawa shine ɗora katin a karo na biyu lokacin sauka, alhali da shi ne na'ura take gane inda ka sauka, in baka yi ba za'a iya cire maka kuɗin har ƙarshen hanya kai kuwa tasha biyu kawai ka yi. Katin ya zauna a aljihun gaba shi kaɗai, kar ka lanƙwasa shi, kar kuma ka haɗa shi da katin ATM ka ɗora tare. A Oshodi gini uku ne manya, kowanne da inda motocinsa suke zuwa, ka tambayi mai rigar aiki wanne ne naka kafin ka shiga layi, don layin safe yana da tsawo kuma takaici ne ka kai gaba a ce maka ba nan bane.

Batun kuɗi. Lokacin da shuɗin layi ya fara, kuɗin Marina zuwa Mile 2 naira 750 aka sa, sai gwamnati ta yi ragin rabi a lokacin saboda cire tallafin mai. Jan layi kuma da ya fara, Agbado zuwa Oyingbo naira 1,500 ne, in tafiyarka gajera ce kuɗin ya ragu. Farashi yana motsi, don haka wanda aka liƙa a tasha ranar da kaje shi zaka bi. Wani zai ce ai danfo yafi araha, wata rana haka ne, amma ka lissafa da kyau: danfo in aka yi ruwan sama ko aka ga mutane sun taru nan take kwandasta zai ninka kuɗi, ga rigimar canji, ga a sauke ka a rabin hanya ace mota ta juya. Na kati kuwa abin da aka rubuta shi za'a cire ko ana ruwa ko ana rana, kuma awa biyun da ka ceto a hanya ai ciniki ne a rumfarka.

Sauran ƙananan abubuwa, ba'a ci ba'a sha a cikin jirgin, ba'a talla, in kaga tsoho ko mai juna biyu ka tashi ka basu kujera, wannan kam ba sai an koya mana ba. Da yamma ana cika sosai musamman daga Oshodi da Marina, wayarka ta dawo aljihun gaba jakarka kuma a ƙirji. Ka yi alwala da sallarka kafin ka wuce ƙofa in lokaci ya gabato, don in ka riga ka ɗora kati fita da dawowa wani kuɗin ne. Kuma in zaka yi dare ka tambayi ƙarfe nawa jirgin ƙarshe yake tashi tun da safe, ka ajiye 'yan canji a aljihu na keke ko danfo daga tasha zuwa gida.