Yadda za ka gwada FreeRTOS da Zephyr kafin ka zaɓi ɗaya

FreeRTOS da Zephyr ƙananan manhajoji ne masu tafiyar da ayyuka a cikin ƙananan na'urorin lantarki. Ɗora kowanne a kan allon lantarkin da za ka yi aiki da shi. Idan mai ƙwaƙwalwar STM32F103C8 ne, RAM ɗinsa (ma'adanar aiki ta wucin gadi) kilobayit 20 ne kacal, filashi (inda ake ajiye shiri) kuwa 64. Rubuta ƙaramin shiri da zai karanta zafi ya kunna famfon ban-ruwa, ka haɗa shi da kowanne, sannan ka duba fayil ɗin map, wanda ke nuna yadda aka raba ma'adana, ka ga nawa ya cinye. Zephyr yakan fi cin wuri, amma yana zuwa da direbobinsa, wato shirye-shiryen sarrafa sassan allo.

Gwajin da aka fi mantawa shi ne na fili. Bar allon cikin akwatinsa a zafin ranar Sakkwato ta Afrilu, ka riƙa yanke wuta kana mayarwa. Idan ya maƙale, duba girman stack (wurin da aka ware a RAM) na kowane aiki, domin idan ya cika yakan ɓata bayanan maƙwabcinsa.