Yadda malami zai bi diddigin kuɗin ƙungiya da ake cira daga albashinsa

Tambayoyi biyu ne ke cikin muhawarar da ake yi kan cire kuɗin ƙungiyar ƙwadago daga albashin malamai, kuma haɗa su ne ke jawo ruɗani. Ta farko, shin za a iya tilasta wa malami ya biya ƙungiyar da bai amince da ita ba? Ta biyu, shin wajibi ne gwamnati ta riƙa karɓar wa ƙungiya kuɗinta kai tsaye daga albashi? Kundin tsarin mulki ya fi ƙarfi a kan ta farko. Ta biyun kuwa galibi dokar ƙwadago da yarjejeniya ne ke yanke ta.

An ga wannan bambanci ƙarara a Amurka. A 1977, a shari'ar Abood, Kotun Ƙoli ta yarda a karɓi wani kaso daga malaman da ba 'yan ƙungiya ba, tunda su ma suna cin moriyar abin da ta samo. A 2018, a shari'ar Janus, alƙalai biyar cikin tara suka rushe wancan hukunci: ba a cire ko sisi daga albashin ma'aikacin gwamnati da ba ɗan ƙungiya ba sai da yardarsa a fili. Amma a 2009, a shari'ar Ysursa, kotun ta ce jiha na da ikon hana cire kuɗin harkokin siyasa ta albashi. Jihar Wisconsin ta hana cire kuɗin ƙungiya ga yawancin ma'aikatanta, har da malamai, a 2011.

A Najeriya, sashe na 40 na kundin 1999 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta. Gyaran da aka yi wa Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago a 2005 ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne, kuma ba a musguna wa wanda ya ƙi shiga ko ya fita. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya halatta cirewa, ya kuma bar wa ma'aikaci ƙofar janyewa a rubuce. Kalmar "a rubuce" ita ce ginshiƙin duk abin da ke biye.

Fara da takardar albashi. Tara ta wata uku zuwa shida a jere, ka ware kowane layi: haraji, fansho, asusun gidaje, bashin ƙungiyar gama-kai, sannan kuɗin ƙungiyar ƙwadago. Malamai da yawa na ɗora laifi a kan ƙungiya alhali ragowar bashi ne ke cin albashin. Ka kuma bambanta kuɗin wata-wata da kuɗin musamman da ake ɗorawa don gina sakatariya ko wani asusu. Na biyun yana buƙatar amincewar taron da kundin ƙungiya ya ba ikon hakan, kuma ya kamata ya zo da ranar ƙarewa.

Daga nan sai lissafi. Nemi kundin ƙungiyar ka ga kason da ya tanada, da kuma a kan me ake ɗora shi: tushen albashi ko jimillarsa da alawus. A nan kuskure ya fi ɓuya. Misali, in kason biyu ne cikin ɗari, tushen albashi 60,000, jimilla 100,000, to abin cirewa 1,200 ne a kan tushe, 2,000 a kan jimilla. Bambancin 800 a wata ya zama 9,600 a shekara. Duba kuma ko ƙungiyoyi biyu ne ke cira lokaci guda. Hakan na faruwa inda ake jayayya kan wa ke wakiltar wa, kamar takaddamar NUT (ƙungiyar malamai ta Najeriya) da ASUSS (ƙungiyar malaman makarantun sakandare) kan malaman sakandare, ko bayan an yi wa malami canjin wurin aiki ba a goge tsohon layin ba.

In ka yanke shawarar janyewa, rubuta wasiƙa da sunanka kai kaɗai. Ta ƙunshi cikakken suna, lambar aiki, makaranta, matakin albashi, sunan ƙungiyar, da jumla ɗaya bayyananniya cewa ka janye kuma a daina cirewa daga wata kaza. Sa hannu da kwanan wata. Kai wa hukumar da ke biyanka albashi, ba wa ƙungiya kwafi, ka riƙe na uku da hatimin karɓa a kai. Faɗa wa shugaban makaranta da baki, ko tura saƙo a dandalin WhatsApp, ba ya tsayar da komai. Wasiƙar taron dangi mai jerin sunaye ma tana da rauni, don ana iya cewa wasu ba su san da ita ba.

Ana rufe lissafin albashi tun kafin ƙarshen wata, saboda haka wasiƙar da ta makara sai wata mai zuwa. In an ci gaba da cirewa bayan wata biyu, aika tunatarwa haɗe da kwafin mai hatimi, ka nemi a mayar da abin da aka cira tun daga ranar karɓa. In abin ya faskara, a Najeriya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi ƙarƙashin sashe na 254C na kundin tsarin mulki. A Amurka kuwa a karanta katin shiga ƙungiya da aka sa wa hannu, don wasu na ƙayyade kwanakin janyewa a shekara.

Shawararmu ita ce kada fushin wata ɗaya ya sa ka fita. Wanda ya janye ya rasa ƙuri'a a zaɓen shugabanni, wataƙila kuma ya tsaya shi kaɗai gaban kwamitin ladabtarwa. In matsalar rashin bayanin kashe kuɗi ce, ɗan ƙungiya ne ke da bakin neman rahoton mai binciken kuɗi, da shaidar cewa abin da aka cira ya isa asusun ƙungiya bai maƙale a hannun mai biyan albashi ba. Inda kuma gwamnati ta daina cirewa alhali kana son ci gaba da zama ɗan ƙungiya, ba bankinka umarnin tura kuɗin kowane wata, kwana biyu ko uku bayan ranar albashi, ka riƙa adana rasit.