Yadda Ake Gyara Birkin Baya Mai Riƙe Taya a Tsohuwar Motar Daji

Tsofaffin motocin daji irin su Hilux, Land Cruiser, Patrol da Pajero suna da wani ciwo da ya fi tashi da damina: direba ya ɗage ƙafa daga birki, amma tayar baya ba ta saki ba. Mota ta yi nauyi kamar an loda mata buhunan masara, shan mai ya ƙaru, in an tsaya a ji ƙauri, ƙarfen taya kuma zafi rau. Masu zuwa gona ta wajen Kujama, Kajuru da Kachiya sun fi kowa sanin wannan, domin a watan Agusta ba a raba gangar birki da laka da ruwa.

Abin da aka saba yi a bakin titi shi ne a sassauta birkin a ce an gama. Wannan rufe ciwo ne kawai. Birki zai yi nisa a ƙafa, ainihin matsalar tana nan, bayan mako biyu kuma ta dawo. Kafin ka kwance komai, gano ko man birki ne ya riƙe tayar ko ƙarfe ne ya cije, domin gyaran kowanne daban ne.

Fara da tuƙa motar kilomita biyu ko uku a hanya mai sauƙi, ba tare da yawan taka birki ba. Tsaya ka kai bayan hannu kusa da kowace taya, kada ka taɓa. Lura ko ɗaya ce ta yi zafi ko duka biyun. Idan zafin ya fi yawa a cibiyar taya, kuma kana jin gurnani a tafiya, boris ne ya mutu, ba birki ba.

Sai ka samu wuri mai shimfiɗe, ka sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba, ka cire giya, ka mai da ƙaramar giya zuwa 2H (jan tayoyin baya kawai), ka saki birkin hannu. Ɗaga bayan motar duka, ka ɗora aksil a kan ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi. Jak shi kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne, bulon siminti ma haka, yana fashewa ba sallama. Taka birki da ƙarfi sau biyar, ka saki, ka juya tayar da hannu.

Idan ta ƙi juyawa, ga gwajin da ke raba gardama. A bayan farantin birki akwai ɗan nifil na fitar da iska, a yawancin motocin Toyota sifana 10 ke kama shi. Buɗe shi kwata ɗin zagaye. Idan mai ya yi tsartuwa, tayar ta saki nan take, to matsin mai ne ya maƙale a layi. Idan mai ya ɗiga kawai, tayar tana nan a cije, matsalar ƙarfe ce: birkin hannu, silindar taya (mai tura takalma su kama ganga), sifirin, ko takalman birki.

A ɓangaren mai, mutum biyu ake zargi. Na farko tiyon roba da ke saukowa daga shasi zuwa aksil. A waje za ka gan shi lafiya ƙalau, amma cikinsa ya kumbura ko ya ɓare, sai ya bar mai ya wuce lokacin da ƙafa ta matsa da ƙarfi, ya hana shi komawa. Da yake tiyo ɗaya ne ke ciyar da tayoyin baya biyu a irin wannan aksil, duka biyun ke riƙewa. Na biyu masta, wato babbar silindar da fedar birki ke turawa. A cikinta akwai ɗan rami kamar bakin allura da mai ke bi ya koma tankin man birki. Datti na toshe shi, roba mai kumbura na rufe shi, haka ma idan an ɗaure sandar feda ba a bar mata wasa ba. Fedar birki tana bukatar wasan milimita 3 zuwa 6 kafin ta fara tura komai. Don bambance su, sake taka birki har tayar ta riƙe, sannan ka sassauta notin bututu a bakin masta. In ta saki, masta ce. In ba ta saki ba sai da ka buɗe nifil, tiyo ne, a sauya shi, ba a gyara shi.

A nan akwai kuskuren da ke cin kuɗi sosai. Wasu in man birki ya ƙare a hanya sai su zuba man sitiyari ko baƙin mai, wasu kuma su wanke robobi da fetur ko kalanzir. Duk waɗannan suna kumbura robar birki. Buɗe murfin tankin man birki ka duba robarsa: in ta yi laushi ta faɗaɗa har ba ta komawa mazauninta, an gurɓata layin, kuma sai an sauya kowace roba tun daga masta har silindojin taya da tiyo. Man birki mai lambar DOT 3 ko DOT 4 kawai ake zubawa, kamar yadda aka rubuta a murfin.

Idan kuwa ƙarfe ne, birkin hannu za ka fara dubawa, don shi ne ya fi yawan laifi. Ruwa na shiga rigar kebur, tsatsa ta kama wayar, ka saki hannu a ciki amma can ƙasa yana nan a ja. A Hilux da Land Cruiser akwai wani ɗan hannun ƙarfe a bayan farantin birki wanda kebur ke ja, yana juyawa a kan fil. Laka na cika wurin, fil ɗin ya cije, hannun ya kasa komawa mazauninsa. Cire kebur daga jikinsa ka motsa shi da yatsa. Lafiyayye yana tafiya ya dawo da kansa da ƙarfin sifirin. In sai an buga shi da guduma, kwance shi gaba ɗaya, fitar da fil, goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, shafa giris, ka sauya robar da ke rufe shi idan ta yage. Fesa masa mai daga waje kwana biyu kawai yake yi. Kebur ɗin da ya cije a cikin rigarsa kuma sabo ake sawa. Masu tsohuwar Land Rover su lura: birkin hannunsu yana kan ganga ta daban a bayan ƙaramar giya, ba a taya ba, don haka wannan zargin bai shafe su ba.

Cire ganga na bukatar haƙuri. Tsufa na sa bakin ganga ya yi leɓe ta ciki, takalma su maƙale a bayansa. Cire ɗan murfin roba a bayan faranti, ka sa siririn sukudireba ka ture harshen da ke riƙe haƙoran ajasta (abin saita tazarar takalma da ganga), ka juya haƙoran da wani sukudireban har takalma su ja baya. A fuskar gangar Toyota akwai ramuka biyu masu zare. Sa bol M8 guda biyu, ka riƙa ɗaure su bi da bi, rabin zagaye nan, rabi can, ganga za ta taso. Kada ka dage in ta tsaya, za ka tsinka filolin da ke riƙe takalma. Kada kuma a hura ƙurar ciki da baki ko da injin iska, tsofaffin takalma na iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu. A wanke da ruwa ko maganin fesawa na birki.

Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa sifirin ko ɗaya, kuma ka gama gefe guda kafin ka buɗe ɗayan.

Ɗaga robar kowane gefe na silindar taya. Jiƙa ko tsatsa a ƙarƙashinta alama ce ta mutu. Tura fistin da yatsa, dole ya shiga ya fito sumul. Silindar da cikinta ya yi ramukan tsatsa ba ta karɓar sabuwar roba, sauya ta, kuma gara a sauya biyun tare. Duba fatar takalma: in ta ragu zuwa milimita 1.5, ko ta fara rabuwa da ƙarfenta, ta gama aiki, domin ɓallen fata na shiga tsakanin takalmi da ganga ya kulle taya. In ta jiƙe da man aksil, oyilsil ya fashe, sai a sauya shi tukuna, a kuma duba ɗan bututun numfashi da ke saman aksil, don toshewarsa ce ke tura mai waje. Fatar da ta sha mai ba ta wankuwa, ƙona ta da wuta ma ba ya mai da ita.

Sifirin da ya taɓa yin zafi sosai ya rasa ƙarfinsa ko da idonka bai ga komai ba. In za ka sayi takalma a kasuwar Panteka ko Ori-Apata a Kaduna, tafi da tsofaffin a hannu don a gwada, ka haɗa da sabon sifirin. Wuraren da takalmi ke zamewa a jikin faranti, galibi uku ga kowane takalmi, sukan yi kwari. Goge su da fayil su daidaita, ka ɗan shafa giris mai jure zafi, kaɗan ƙwarai, kada ya kai ga fata. Kwance ajasta ka wanke zarensa, kuma kada ka musanya na hagu da na dama, zarensu ba ɗaya ba ne. Ita ganga, iyakar faɗinta na rubuce a jikinta. A tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu sabuwa milimita 295 ce, iyaka 297. In ta wuce haka, ko tana riƙewa a wuri ɗaya ta saki a wani, ba ta da sauran gyara.

Wajen saiti, kebur ɗin birkin hannu ya kasance a sake. Buɗe ajasta har taya ta fara jan ƙafa, taka birki sau uku don takalma su zauna a tsakiya, sannan ka koma baya kaɗan-kaɗan har ta juya da ɗan sautin shafa kawai. Bayan nan ne ake ɗaure kebur. Wanda ya fara da kebur zai ɗage takalma daga mazauninsu, riƙewar ta dawo da zarar ganga ta ɗumama.

In an buɗe layin mai, a fitar da iska, a fara da tayar da ta fi nisa da masta. Motocin Toyota masu bawul ɗin auna nauyin kaya a saman aksil suna da nifil a jikinsa shi ma, kada a manta da shi. Man birki na shan danshi, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu.

Sake tuƙa kilomita biyar ka gwada zafin, tayoyin biyu su zama ɗumi iri ɗaya. Daga nan, duk ranar da ka ratsa rafi ko aka wanke motar, yi tafiyar mita ɗari biyu kana ɗan dafa birki don ganga ta bushe. In motar za ta kwana biyu a ajiye da damina, bar ta a giya ta ɗaya da waigi a ƙarƙashin taya, kada ka ja birkin hannu, domin jiƙaƙƙen takalmi na mannewa da ganga cikin dare ɗaya.