Sabon zuwa Ostireliya: kafin a ɗauke ka hoto, tambayi ko Medicare na biya a kan na'urar

Yawancin sababbin zuwa suna ɗauka cewa da zarar koren katin Medicare, wato tsarin inshorar lafiya na gwamnatin Ostireliya, ya shiga aljihu, duk inda likita ya tura mutum hoton ƙirji ko sikanin, gwamnati za ta mayar masa da wani abu. Ba haka abin yake ba. A harkar hoto, Medicare na duba takardar likita, tana duba rajistar wurin, sannan tana duba ita kanta na'urar da shekarunta.

Kowace cibiyar ɗaukar hoto tana da lambar rajista da ake kira LSPN, kuma a ƙarƙashinta ake rubuta na'urorin wurin ɗaya bayan ɗaya. An yanka wa kowace iri wa'adi. Na'urar sikanin irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, da ta CT mai ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, da ta hoton nono, shekara 10 aka ba su. Idan an yi musu babban garambawul, wa'adin ya kai 15. Na'urar hoton ƙashi da ƙirji tana da shekara 15, da garambawul ta kai 20. MRI kuwa, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, shekara 10 ce, amma gyararriya tana iya kaiwa 20. Kuma ba kowane gyara ake ƙirgawa ba. Canja abin da ya lalace bai wadatar ba, sai an zuba kuɗi har aikinta ya yi kafaɗa da kafaɗa da sababbin da ake sayarwa a ƙasar a lokacin. Lissafin shekaru yana farawa daga ranar da aka fara kafa ta. Wadda aka shigo da ita ta hannu daga wata ƙasa kuma, daga ranar da aka ƙera ɓangarenta mafi tsufa.

A da, hoton da aka ɗauka da na'urar da ta wuce wa'adi rabin kuɗi ake biya a kansa. Daga 1 ga Mayun 2020 aka soke wannan: ta wuce wa'adi, ko sisi ba a biya, sai in ma'aikatar lafiya ta ba wurin sassauci. Dalilin dokar mai kyau ne. Tsohuwar na'ura hotonta kan yi dishi-dishi, ƙaramin ƙari ko siririn tsagewar ƙashi su ɓuya, a sake kiranka wani zagaye. Sababbin na'urorin CT kuma suna fitar da hoto mai kyau da ƙarancin haskakawar da ke shiga jiki, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga yara.

A gaskiya manyan cibiyoyin Sidni da Melbon suna sauya na'urorinsu kafin lokaci ya cim musu, don babu mai son rasa kuɗin Medicare. Inda ya kamata ka buɗe ido shi ne ƙananan wurare, da ɗakin likitan da ke da tasa na'urar sikanin a gefe. Sai kuma MRI, wadda ke da nata ƙarin sharaɗi: ba kowace na'urar MRI ce ke da izinin Medicare ba ko da sabuwa ce fil, kuma hotunan MRI kaɗan ne ake biya idan likitan unguwa, wato GP, ne ya rubuta. Sauran sai da takardar ƙwararren likita.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Gwamnati na da jadawalin farashi, MBS, kowane hoto da lambarsa. A wajen asibiti Medicare kan mayar da kashi 85 cikin ɗari na farashin jadawali, ba na abin da cibiyar ta caje ka ba. A ce jadawali ya rubuta dala 100, cibiya ta ce 160: za a mayar maka da 85, ka cika 75 daga aljihunka. In na'urar ba ta cancanta ba, 160 ɗin duka a wuyanka. Kalmar da za ka saurara ita ce "bulk billing", ma'ana wurin ya amince da abin da Medicare ta ba shi, kai ba ka fitar da komai.

Saboda haka, da takardar likita a hannunka, buga waya kafin ka tsayar da rana. Karanta musu ainihin abin da aka rubuta, har gefen jikin, dama ko hagu. Tambayi ko wannan hoton, a kan na'urar da za a sa ka, Medicare na biya. Tambayi lambar MBS ɗinsa, jimillar kuɗin, da cikon da zai rage maka. Kada ka ji kunya, ma'aikatan tebur kullum suna amsa irin wannan. Sannan ka sani ba dole ne ka je cibiyar da sunanta ke saman takardar ba. Takardar tana aiki a ko'ina, don haka gwada wuri biyu ko uku, bambancin kan yi yawa.

Idan ka riga ka biya amma kuɗi bai dawo ba, duba asusunka na myGov, shafin intanet na ayyukan gwamnati, ko ka kira 132 011 da rasit a gabanka. Sau da yawa matsalar lambar asusun banki ce da ba a shigar ba. Masu iyali su yi rajistar Medicare Safety Net a matsayin gida guda, don a riƙa tara cikon kowa wuri ɗaya daga Janairu zuwa Disamba. In jimillar ta kai iyakar shekara, abin da ake mayarwa yana ƙaruwa.

Ɗalibai da masu bizar wucin gadi su lura: Najeriya da Nijar da Gana ba su da yarjejeniyar lafiya da Ostireliya, don haka yawancinku inshorar kamfani kuke riƙe da ita, irin su OSHC, inshorar lafiyar ɗaliban ƙasashen waje. Ita ma da jadawalin MBS take awo, saboda haka kira kamfanin, ka ba su lambar hoton, ka nemi su aiko maka da amsarsu a rubuce kafin ranar.