Darasi na 7: Lambu a Cikin Kwalba

A shekarar 1829, wani likita a birnin Landan mai suna Nathaniel Ward ya rufe kwalba da 'yar ƙasa mai danshi a ciki. Bayan wani lokaci sai ga tsiro ya fito, yana ta girma ba tare da an ba shi ruwa ba. Daga nan aka fara ƙera akwatunan gilashi don kai tsire-tsire ƙasashe masu nisa ta jirgin ruwa.

Ga dalilin da ya sa tsiron ba ya bukatar a ba shi ruwa: saiwa ce ke shan ruwa daga ƙasa, ganye ya fitar da shi, ya zama raɓa a jikin kwalba, ya gangara ya koma inda ya fito. Ganyen da ya faɗi kuma ya ruɓe ya zama taki.

Ku sami babbar kwalba mai faɗin baki da murfi, wadda ake ganin cikinta. Ku wanke ta tas. Ku fara zuba tsakuwa, kaurin yatsa biyu. Kada ku tsallake wannan, domin kwalba ba ta da huda a gindi, kuma a tsakanin tsakuwar ne rarar ruwa za ta kwanta, saiwa ta tsira daga ruɓewa. Sai dakakken gawayi kaɗan don rage wari, sannan baƙar ƙasa mai laushi, kaurin yatsa huɗu.

Ƙananan tsire-tsire masu son inuwa da danshi ake dasawa, kamar gansakukar da ke fitowa a jikin katanga da damina. Masu son rana da busasshiyar ƙasa ruɓewa suke yi a ciki.

Wajen ruwa ne aka fi yin kuskure. Yayyafi kawai ake yi, ƙasa ta jiƙe amma kada ta zama taɓo. Ku rufe, ku ajiye kusa da taga inda akwai haske. Kada rana ta bugi kwalbar kai tsaye, musamman da bazara, don tsiron dahuwa zai yi.

Ku riƙa dubawa da safe. Raɓa kaɗan alama ce mai kyau. In ta rufe gilashin har yamma, ruwa ya yi yawa, sai a buɗe murfi yini guda. In babu raɓa sam, a ƙara cokali ɗaya ko biyu. Ganyen da ya yi fumfuna a cire shi nan take.

Aikin gida: ku rubuta jimla uku a kan abin da kuka gani a kwalbarku bayan mako guda.